Jegon Mansura

Umma Aisa na zaune a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga shinkafar tuwo, sai ga Sadiya ta faɗo daga ɗaki da gudu, waya a hannu, ɗankwali na shirin zamewa.

"Umma! Umma, an amince! Malamata Dakta Kolo ta sa hannu a kan tofik ɗina!"

"To sannu, sai ki fasa min kunne tukuna. Mene ne kuma tofik?"

Halimatus Sa'adiya ne cikakken sunanta, amma kaf unguwarsu a Haɗeja babu mai wahalar da bakinsa, Sadiya kawai ake cewa. Tana shekarar ƙarshe a jami'a inda take karatun aikin nas, kuma ta zo gaɓar da ke hana ɗalibai barci: kowa sai ya yi binciken da suke kira firojek, ya rubuta shi ya zama littafi, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. In babu shi babu digiri, ko da kai ne ka fi kowa ƙwaƙwalwa.

Ta durƙusa kusa da tiren shinkafar. "Abin da zan yi bincike a kai ke nan, Umma. Wankan jego da kunun kanwa, da yadda suke shafar zuciyar mata bayan haihuwa. Wallahi lokacin da muke aiki a asibiti na ga masu jego da yawa ana kawo su a kumbure, numfashi na gagararsu. Ina son in san dalili."

Hannun Umma ya tsaya cak a cikin shinkafar.

"Ke budurwa, ko lalle ba a sa miki ba, za ki bi gidaje kina tambayar matan aure zancen jego? Duk wannan ma da sauƙi. Kin manta uwar wa ce ke yi wa matan ƙauyukan Auyo wanka?"

Sadiya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ina za ta manta! Inna Yelwa ce, mahaifiyar Abdulmannan, saurayin da aka riga aka sa musu rana bayan ta gama makaranta. Yana da shagon sayar da injinan ban ruwa a Haɗeja, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya yi wa tsawa. Ƙanwarsa Mansura ce ta haɗa su, don tare suka yi sakandare da Sadiya, kwano ɗaya suke ci. Ita kuwa Inna Yelwa, har yau ba ta taɓa ganin fuskar Sadiya sosai ba. Duk ranar da ta shigo gari ta biyo gaisuwa, sai yarinyar ta shige madafa ta maƙale har sai ta tafi, kamar yadda kowace 'yar mutunci ke yi wa uwar mijin da za ta aura.

"Ba da Inna zan yi magana ba, Umma. Da masu jegon kawai. Ga Mansura ma ta haihu tana wankan gida, da ita zan fara."

"Allah ya sa alheri," in ji Umma, amma ba ta ƙara kallonta ba.

A ƙarshen damina ne, ruwa ya shanye hanyar ƙauyen su Inna Yelwa. Ɗan acaba ya sauke Sadiya a bakin gaɓa, ta shiga kwalekwale, suka yi ta kutsawa tsakanin ciyawar kacala har suka fita tsallake. Tun daga ƙofar gida ta jiyo ƙamshin ganyen maina, wato darbejiya, da aka dafa don wankan jego. Rabin duro na kan murhu yana tafarfasa, Inna Yelwa na tsaye a kansa tana iza wuta, wasu maƙwabta na zaune suna sussukar gero. Sadiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zube daga nesa ta gaishe ta, sannan ta sulale ɗakin mai jego.

Zafin ɗakin ya buge ta kamar ta buɗe tanda. An rufe taga, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado. Mansura na zaune an tara mata filo a baya, jaririyarta Adila na barci a gefe.

"Oyoyo matar Yaya! Sai yau?" Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Suka taɓa hira, suka yi wa hancin jaririya tsiya. Sannan Sadiya ta ciro waya ta yi mata bayani yadda aka koya musu: za ta naɗi muryarta in ta yarda, ba za a sa sunanta ko'ina ba, duk abin da ta faɗa amana ne.

"Amana ko? To kunna." Mansura ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Sadiya, ba na iya kwanciya. Da na miƙe sai in ji kamar an danne min ƙirji da turmi. A zaune nake barci. In na je bayan gida na dawo, sai na huta a hanya."

Sadiya ta matso kusa da ita. Ta yaye zanen da ya rufe ƙafafun ƙawarta, ta ga sun yi suntum. Ta danna yatsa a ƙwaurinta ta ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba. Ta kama wuyan hannunta, ta ji jijiya na gudu ba tsari.

"Inna ta ga wannan kumburin?"

"Ta gani. Ta ce sanyi ne ya shige ni, shi ya sa ta ƙara wa ruwan zafi, ta ƙara kanwa a kunu. Filis kada ki ce komai. Haihuwar fari ce, cewa za a yi raki gare ni. Saura kaɗan in yi arba'in, zan daure. Kin dai ce amana."

Sadiya ta fita ƙofar gida, inda waya ke ɗan kamawa, ta kira malamar da ke duba mata aikin. Dakta Kolo ta saurara har ƙarshe.

"Ajiye firojek a gefe, Halima. Alkawarin sirri ba ya hana ki ceton rai, mun yi wannan a aji. Ki koma ki gaya mata cewa dole ki faɗa, sannan ki faɗa. A kai ta asibiti yau, ba gobe ba."

Ta koma ɗakin ta riƙe hannun Mansura. "Ki yafe min. Zuciyarki ce ke gazawa. Zan gaya wa Inna."

"Sadiya, kina hauka? Aurenki fa!"

Ta san da aurenta. Ta san shi sarai, amma duk da haka ta fito tsakar gida. Ta durƙusa gaban Inna Yelwa, kuma a karo na farko ta janye mayafi daga fuskarta.

"Inna, don Allah ki gafarce ni. Kumburin Mansura ba sanyi ba ne. Ruwa ne ya taru mata saboda zuciyarta ta raunana, kanwa da zafin nan kuma ƙara mata nauyi suke yi. A dakatar da su, a kai ta asibiti yau. Zo ki ga ƙafarta."

Tabarya ta tsaya a hannun masu sussuka. Inna ta leƙa ɗakin, Sadiya ta bi ta ta sake danna ƙafar da yatsa, ramin ya zauna, Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta ga idanun mata duka a kanta.

"Ikon Allah! Yau ga 'yar da ba ta san zafin naƙuda ba tana koya min jego. Ke, duk wanda kika gani yana tafiya a garin nan, ni na wanke uwarsa. Mai jego ta tsallake ruwa kafin arba'in, a ina aka taɓa yi? Ashe abin da ake koya muku a bokon ke nan, ki buɗe ido ki tsaya gaban uwar miji? Tashi ki bar min gida!"

A cikin kwalekwale Sadiya ta kira Abdulmannan tana kuka. Ya rufe shago ya tafi ƙauye a ranar, ya roƙi mahaifiyarsa har da hawaye. Amsa ɗaya ta ba shi: in ya fitar da Mansura daga gidan, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Mijin Mansura, Tasi'u, direban babbar mota ne yana can hanyar Kudu. Da aka same shi a waya sai ya ce shi wane ne da zai ja da surukarsa, abin da Inna ta gani shi ne daidai. Haka maza biyu suka naɗe hannu, kowa na tsoron a ce ya yi rashin kunya.

Ba a yi mako ba saƙo ya iso gidan su Sadiya: an ɗaga ranar aure, sai abin da hali ya yi. Kowa ya san ma'anar wannan. Umma ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta.

"Ban gaya miki ba? Ubanki ya rasu ya bar min ke, na tashe ki babu wanda ya taɓa kawo ƙararki. Yau ga shi ana yawo da sunanki a kasuwa, wai marar kunya!"

Da la'asar Abdulmannan ya zo zaure. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Sadiya, abu ɗaya Inna ke so. Ki je gaban matan nan ki ce kuskure kika yi, Mansura lafiyarta ƙalau. Sannan ki canza wannan tofik ɗin. Shi ke nan fa, a mayar da rana."

"Zan je in durƙusa in ba ta haƙuri a kan buɗe fuska da na yi, ko sau nawa take so. Amma in ce Mansura lafiyarta ƙalau? In na faɗi haka, wa zai ƙara tunanin kai ta asibiti?"

"To ni ya kike so in yi? Uwata ce!"

"Ita kuma ƙanwarka ce. Ka bar zancen aurenmu, Mannan, wallahi na haƙura da shi in dai za ka ɗauko ta. Ka ɗauko ta kawai."

Ya juya ya hau babur ɗinsa. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, zuciyarta na ciwo, don tana son sa, kuma ta san shi ma yana son ta. Tsoro ne kawai ya fi ƙarfinsa.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Muryarsa ce, a tsinke.

"Mansura ta faɗi bayan wankan safe! Muna cikin kwalekwale, ki same mu a asibiti!"

Likitoci sun yi iya yinsu. An sa mata iskar numfashi, an yi allurai, amma Sadiya ta karanci fuskokinsu tun kafin su ce komai. Mansura ta buɗe ido ta lalubo hannunta.

"Matar Yaya..." Murmushi ta so yi. "Ba ki ci amanata ba, kin ji? Ni ce na ji tsoro. Ki duba min Adila."

Kafin a kira azahar ta cika. Inna Yelwa na tsaye a bakin ƙofa da jaririya a hannu, ba ta yi kuka ba, sai leɓunanta da ke motsi da salati.

Sadiya ta je zaman makoki duk da Umma ta so hana ta. Ta zauna can baya, ta yi wanke-wanke, ta ɗebo ruwa. Amma kunnenta ya jiyo abin da ya fi mari zafi.

"Ita ce fa. Bakinta ne ya kama yarinyar. Tun da ta ambaci zuciya, shi ke nan."

Daga ranar ƙofofi suka rufe. Duk gidan da ta yi sallama da takardar tambayoyinta, sai a ce mai jego na barci. Tsofaffi masu wanka kuwa ko gaisuwarta ba sa amsawa. Ta tattara ɗan abin da ta samu daga matan cikin gari ta kai wa Dakta Kolo, malamar ta duba ta girgiza kai.

"Aikin yana da kyau, amma rabi ne. Kin ji daga waɗanda ake yi wa wankan, ba ki ji daga masu yin sa ba. Me ya sa suke yi, me suke gani, me suke tsoro? In babu wannan ba zan iya tura ki difens ki kare shi gaban malamai ba. Ko ki samo su, ko ki jira baɗi."

'Yan ajinsu suka yi ta sa hotunan littattafansu masu baƙin bango a waya, ana ta taya su murna. Ita kuwa tana ɗaki, laftof a buɗe, ga muryar Mansura a cikin wayarta ta kasa saurara, ta kasa gogewa. Abdulmannan ya daina zuwa, ya daina kira. Ba fushi yake ba, kunyar haɗa ido da ita yake ji. Ranar da ta ce za ta bar karatun gaba ɗaya, Umma ce da kanta ta zaunar da ita.

"Na yi miki faɗa a kan kunya, kuma na yi kuskure. Gaskiya kika faɗa, 'yata. Ki yi haƙuri ki bar wa Allah, amma littafin nan ba za ki ajiye shi ba."

Abu ɗaya ne ba ta fasa ba. Duk ranar kasuwa sai ta sayi madarar jarirai, wani lokaci da 'yar riga ko sabulu, ta kai bakin gaɓa ta ba mai kwalekwale ya miƙa gidan Inna Yelwa, tare da roƙon kada ya ce daga ina.

Ruwa ya janye, fadama ta bushe, manoma suka shiga shukar alkama. Wata safiya Sadiya na shara sai ta ji sallama. Ta ɗaga kai, tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Inna Yelwa ce, ta tsufa a 'yan watannin nan kamar an ƙara mata shekara goma, Adila na goye a bayanta. Sadiya ta ja mayafi ta nufi madafa.

"Dawo, 'yar nan. Ɓuyan ya isa haka."

Umma ta shimfiɗa tabarma, aka gaisa. Inna ta kwance goyon ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa kan yarinyar.

"Daga asibiti nake. Saude, 'yar maƙwabcina, ta haihu, ni nake mata wanka. Jiya na ga ƙafarta ta tasa. Na danna yatsa yadda na ga kin yi, ramin ya zauna." Ta gyara wa Adila kwanciya. "Na kashe wutar da hannuna. Uwarta na cewa arba'in, na ce ni Yelwa na ce a nemo mota a kai ta asibiti. Likita ya ce an kawo ta da wuri, za ta tashi."

"Alhamdu lillahi," in ji Umma a hankali.

"Ranar da kika yi min magana, na ga ramin yatsanki a ƙafar Mansura. Wallahi na gani, kuma gabana ya faɗi. Amma na juyo na ga mata na kallona, na ji nauyin a ce yarinya ta gyara min aiki. Na tsare girmana, na binne 'yata." Sai a lokacin kukan da ta riƙe tun ranar asibiti ya ƙwace mata. "Kwana ya ƙare, na sani. Amma ni na san abin da na yi."

Sadiya ta rarrafo ta riƙe ƙafafunta tana kuka. "Inna, don Allah ki daina. Ƙauna ce ta sa kika yi mata wankan, kowa ya sani."

"Madarar da kike aikowa ma na sani. Mai kwalekwalen nan bakinsa ba ya riƙe magana." Ta share ido da gefen zane. "An ce littafinki ya tsaya don mu tsofaffi mun ƙi ki. To kin tambayi kowa, ni ba ki tambaye ni ba. Ɗauko wayar taki ki kunna. In na gama, zan kai ki gidan duk wata mai wanka daga nan har Auyo, in ga wadda za ta rufe miki ƙofa."

Sadiya ta ɗauko waya, ta fara bayanin da ta saba: ba za a sa suna ba, komai amana ne.

"Nawa sunan ki bar shi," in ji Inna. "Amma in akwai inda ake sa sunan wanda aka yi abu dominsa, ki sa na Mansura." Ta miƙa mata jaririyar. "Karɓi 'yarki. Wancan kuma yana waje tun ɗazu, ya kasa shigowa. Uwarsa ta hana shi jin maganarki, yau uwarsa ta kawo shi."

A zaure Abdulmannan ya kasa ɗaga kai. "Sadiya, ban san da wane baki zan..."

"Ka bari," ta ce, Adila na kafaɗarta. "Dukanmu mun yi rashi. Gobe dai in ka ga gaskiya, ka tsaya mata ko da muryarka na rawa."

Sai da ta ƙara zango guda a makaranta, 'yan ajinsu suka riga ta fita. Amma ranar difens, da ta karanto abin da tsofaffin suka faɗa da bakinsu, da alamomin da suka yarda za su riƙa dubawa a jikin mai jego, zauren ya yi tsit. Bayan sallah aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro mai yawa, don gidajen biyu ba su gama makoki a zuci ba. Tasi'u ya amince Adila ta tashi a hannun Sadiya.

Kunya ado ce, biyayya ga iyaye kuma wajibi, babu mai musun wannan. Amma duk kunyar da za ta sa a ga rai na tafiya a yi shiru, ta tashi daga tarbiyya ta zama cuta, kuma babba ba ya raguwa don ya saurari yaro. Sadiya ta faɗi gaskiya da ladabi, ta sha wuya a kanta, ta yi haƙuri, Allah ya mayar mata da duk abin da ta sallama. Abu ɗaya ne haƙuri bai dawo da shi ba.

Littafin na nan a ɗakinta, a saman durowa. Wani lokaci Adila, wadda yanzu ta fara haɗa baƙi, takan jawo shi ta buɗe shafin farko, ta bi layin da yatsa tana karantawa da ƙyar: "Ga Man-su-ra."

"Umma, wace ce?"

Sai Sadiya ta ajiye abin da take yi, ta ɗora ta a cinya, ta fara ba ta labari daga farko.